Saksofon na hannu: yadda ake saye a Akra da yadda muke yi a gida

Shekarata ta tara ke nan a Nima, kuma cikin abubuwan da zama a Akra ya canza mini har da yadda nake kallon kayan hannu. A watan jiya ɗan maigidan da nake haya a wurinsa ya dage sai an saya masa saksofon, wato ƙahon busa na tagulla, don ya shiga ƙungiyar busa ta makarantarsu. Uban ya san na taɓa busawa a sakandare can Kaduna, sai ya ce, "Malam, kai ne ka san kan abin nan, ka raka ƙaninka." Rakiyar nan ce ta tuna mini asarar da na taɓa tafkawa a gida.

Mu a Arewa, in za mu sayi irin wannan kaya, ido ne ke yin ciniki. Mu duba ƙyalli, mu duba sunan da ke jiki, dillali ya ce ɗan Beljiyam ne, shi ke nan an gama. Mai ƙirƙirar abin ma, Adolphe Sax, mutumin Beljiyam ne, ya yi masa rajista a Faris a 1846, amma wannan bai mayar da duk abin da aka sauko da shi daga jirgi ya zama nagari ba. Haka na sayi nawa na farko. Yana walƙiya kamar gwal, akwatinsa sabo fil. Na ji nauyin in tsaya gwadawa a gaban mai shi, kada ya ga kamar na raina amanarsa. Da na isa gida sautukan ƙasa suka ƙi fita sam, sai huci. Na yi wata uku ina zargin ƙirjina, ashe iska ce ke zurarewa ta wurare huɗu.

A nan kuwa ba a jin wannan nauyin. Garin da E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suka raya kiɗan hailaif, garin da ake busa a coci, a makaranta, a wajen jana'iza, ba ya rasa mutanen da suka san cikin ƙahon nan. Kafin mu leƙa shagunan Zongo Lane sai da muka biya ta wurin wani dattijo mai gyaran kayan busa, Bahaushen Zango, haifaffen nan. Shi muka ɗauka muka tafi, kuma masu shago ba su ga laifin haka ba ko kaɗan.

Yadda ya yi aikin ne ya tsaya mini a rai. Bai fara da busawa ba. Da aka buɗe akwati sai ya sunkuya ya shinshina. Warin ruma, in ji shi, yana nufin fatun da ke ƙarƙashin murafe sun sha laima, kuma sun fi ashirin, sauya su duka aiki ne mai cin kuɗi. Daga nan ya cire wuyan ya juya shi a hannu yana shafawa da babban yatsa, domin lotsawa kaɗan a wuya ta fi babbar lotsawa a baki illa ga sauti. Ya ɗaga gangar jikin ya hango ta daga sama kamar mai duba sanda, ko ta taɓa faɗuwa ta tanƙware. Sai ya zaro 'yar fitila mai igiya daga aljihu, ya zura ta ciki, ya roƙi a ja labule. Ya riƙa rufe murafen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, ba dannawa da ƙarfi ba. Duk inda haske ya leƙo, nan iska za ta bi. A na farko da muka duba, haske ya fito a wuri biyar.

Yaron ya riga ya kamu da son wannan na farkon, saboda yana sheƙi kuma an zana sunan Selmer, kamfanin ƙera saksofon, da na samfurinsa Mark VI a jikinsa. Dattijon ya ce masa, "Yarona, Mark VI na gaske an daina ƙera shi tun kafin babanka ya yi wayo. Wanda ya kwana shekara hamsin a duniya ba zai zo maka haka sumul a kan wannan kuɗin ba." Gaskiyarsa. An fara ƙera wannan samfurin a Faransa a 1954, aka tsaya da ƙera nau'o'insa na alto da tena wajen tsakiyar shekarun 1970, kuma saboda tsadarsa ne masu jabu suka fi kwaikwayonsa.

Wanda muka ɗauka a ƙarshe tsohon Yamaha ne, YAS-23, irin na 'yan koyo. Fentinsa ya goge a duk inda hannu ke taɓawa. A gida da mun ce ya ji jiki, mu wuce. A nan gogewar fenti ba aibi ba ce, har ma masana sun fi gudun wanda aka sake wa fenti, domin sai an kankare tagullar kafin a shafa sabo. Dattijon ya duba lambar da ke baya kusa da maƙalin babban yatsa, ya girgiza maɓallan ya ji ba sa lilo, sannan ya sa nasa bakin busawar ya fitar da sautin da ya fi kowane ƙasa, a hankali kamar raɗa. Ya fita tas. Fata biyu kawai ya ce za a sauya. Da aka zo ciniki, kuɗin gyaran nan ya fara lissafawa, ya ce a cire shi daga farashi, yana ta ambaton miliyoyi irin na tsohon sidi, kuɗin Gana, da aka sauya tun 2007, har sai da yaron ya fassara mini.

Ba ina cewa komai na nan ya fi na gida ba. Iskar teku ba ta raga wa ƙarfe; sifirin ɗin maɓalli kan yi tsatsa a Akra cikin ɗan lokaci in an bar shi a akwati da danshi. Wanda ya zauna a Kano ko Zariya yakan tsira daga wannan, sai dai hunturu ya busar da fatun su tsage. Kuma a gida, in dillalin sananne ne, kana iya mayar da kaya gobe ta hannun wanda ya haɗa ku. A nan in ka fita daga shago, ka fita.

Amma wannan amanar tamu ce muke mayarwa uzurin ƙin dubawa, kuma abin yana damuna, domin yara nawa ne suka ajiye busa suna ganin ba su da baiwa, alhali ƙahon ne ke yoyo? Mai sayen algaita yakan je wurin maƙerinta, ya busa a gabansa, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Mai sayen rago ma yakan buɗe baki ya duba haƙora.

Yanzu kullum bayan la'asar ina jin yaron ta bayan ɗakina yana jan dogayen sautuka. Dattijon ya gindaya masa sharaɗi: in ya gama, ya zura ƙyalle ya goge cikin, ya bar akwatin a buɗe na ɗan lokaci kafin ya rufe. Jiya na leƙa na tarar da akwatin a buɗe a kan tabarma, ƙyallen yana rataye a jikin taga.