Zaren "ulu" da kayan jarirai a bazara

Mata da yawa masu saƙar kwarashi sun ɗauka zaren da muke kira ulu a kasuwa gashin tunkiya ne, kuma tunda laushi gare shi, jariri zai iya sa shi ko wane lokaci. Gaskiyar magana, yawancin zaren nan mai araha akirilik ne, wato dangin roba da ake sarrafawa daga man fetur. Ba ya shan zufa yadda auduga ke sha. Ki saƙa wa jariri hula da safa da shi, ki sa masa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40, gumi zai taru a wuyansa da gaɓoɓinsa, ƙurajen zafi su fito, ya yi ta kuka ana cewa rigima ce.

Gane zaren ba wuya. Yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana. Akirilik narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka. Ulu na gaske kuwa warin ƙonannen gashi yake yi, irin na babbakar kan rago.

Ba sai an ajiye kwarashi ba don bazara ta shigo. A koma zaren auduga, a yi saƙa mai ramuka da iska za ta ratsa. Hulunan akirilik ɗin a adana su a akwati har hunturu.