Barcelona ta ƙwallon hannu: kofi 12 a Turai, amma babu abokin karawa a gida

Jama'a, yau ba zancen Camp Nou zan yi ba. A gefen wannan fili akwai wani zauren wasa mai suna Palau Blaugrana da aka buɗe a 1971, kuma a cikinsa ne Barcelona ta tara kofunan Turai da ƴan ƙwallon ƙafarta ba su kai ko rabinsu ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗauki Kofin Zakarun Turai sau 5. Ta ƙwallon hannu kuwa, zuwa 2024, ta ɗaga shi sau 12, babu ƙungiyar da ta kamo ƙafarta a nahiyar. Riga ɗaya suke sawa, tambari ɗaya, amma da yawa cikin masu kwana da tashi da sunan Barça ba su ma san da ita ba.

Duk mai son fahimtar wannan tarihi sai ya fara da Valero Rivera. Ya riƙe horar da ƙungiyar kusan shekara 20, ya sauka a 2004. A hannunsa aka ci kofin Turai na farko a 1991, sannan aka jero biyar ba tsallake, daga 1996 zuwa 2000. Uku daga ciki a kan Zagreb aka ci su, na ƙarshen kuma a kan Kiel ta Jamus. Enric Masip ne jagora a fili, David Barrufet da Tomas Svensson suna raga. Wanda bai saba kallon wasan ba, ya dubi aikin gola kawai: mutum ya tsaya a gabansa, tazarar mita 7, ya shafa wa yatsunsa danƙo don ƙwallo ta kama hannu, ya yi kamar zai jefa ya fasa, sannan ya sake ta da dukkan ƙarfin kafaɗarsa. Golan ba shi da safar hannu, ba shi da kariyar fuska. Buɗe hannuwa da ƙafafu yake yi, ya tare da duk inda ta samu a jikinsa.

Abin da ya sa nake ɗora waɗannan shekaru sama da komai shi ne, a lokacin gasar Sifaniya wuta ce. Teka ta Santander ta ci kofin Turai a 1994. Bidasoa ta Irun, ƙaramin gari a bakin iyakar Faransa, ta ci a 1995, kuma ita Barça ta doke a wasan ƙarshe na 1996. Da aka zo 2001, San Antonio ta Pamplona ce ta tare mata hanya ta karɓe kofin. Shekara takwas a jere kofin bai bar Sifaniya ba, kuma ƙungiyoyi huɗu ne suka yi ta miƙa wa juna. Kafin ka yi tunanin Turai, sai ka tsira da mutuncinka a gida tukuna.

Sai Ciudad Real ta taso da kuɗin harkar gine-gine, Talant Dujshebaev yana horar da ita, ta ci Turai a 2006 da 2008 da 2009. Barça ta doke ta a wasan ƙarshe na 2005, ta sake doke ta a na 2011. Wannan hamayya ce ta gaske, kowa yana tsoron kowa.

Daga nan abin ya lalace. Karayar tattalin arzikin da ta faro a 2008 ta rusa harkar gine-gine a Sifaniya, masu ɗaukar nauyi suka janye, ƙananan hukumomin da ke tallafawa suka tsuke bakin aljihu. Teka ta mutu, San Antonio ta bi ta. Ciudad Real ta kwashe kayanta zuwa Madrid a 2011 ta koma Atlético, bayan shekara biyu ita ma aka rufe ta saboda bashi. Barça ta tsira ne don tana da uwa a gindin murhu: asusun babbar ƙungiya mai ƙwallon ƙafa yana biyan albashinta. Ban ga laifinta a nan ba, hasali ma abin yabo ne a ce ƙungiya ta riƙe wasan da ba ya mayar da kuɗin da aka zuba masa. Amma tun daga kakar 2010/11 ta kama kofin gasar Sifaniya ta riƙe shekara bayan shekara, har akwai lokacin da ta yi kusan shekara biyar ba a doke ta a gasar ba, sai a 2018 Granollers ta karya lagon. Gaskiya idan na ga ana lissafa waɗannan kofuna ana murna, zuciyata ba ta motsawa. Kofin da aka san mai shi tun kafin a busa usur ɗin farko, wane daɗi ke cikinsa?

Ku dubi Jamus: Kiel ta ci gasar a 2023, Magdeburg a 2024, Füchse ta Berlin a 2025. Can kowane mako akwai fargaba, shi ya sa zaurukansu ke cika.

Ma'aunin Barça na gaskiya yanzu yana birnin Kolon na Jamus, inda tun 2010 ake tara ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a yi ta ta ƙare cikin kwana biyu. Can ta sha kuka: Kiel ta doke ta a wasan ƙarshe na 2010 da na 2020, Hamburg a 2013 bayan ƙarin lokaci. Can kuma ta nuna ko ita wace ce. A kakar 2020/21, ƙarƙashin Xavi Pascual, ta ci duk wasanninta a kowace gasa, ta rufe da lallasa Aalborg ta Denmark 36 da 23. Carlos Ortega, wanda ya yi wasa a zamanin Rivera, ya gaje shi ya kare kofin a 2022, bayan an tashi kunnen doki da Kielce ta Poland har sai da aka je jifan mita 7. Na 2024 ya fi tsaya mini a rai. Barça tana gaba 31 da 30, lokaci ya ƙare, saura jifa ɗaya tak a hannun Mikkel Hansen na Aalborg, wanda ya taɓa sa rigar Barça, kuma wasansa na ƙarshe ke nan a matakin ƙungiya. Ƴan Barça suka jeru sun ɗaga hannuwa sama, ya jefa ta wuce su, ta bugi sandar sama.

Wasu za su ce to ai ga shi, rashin abokin hamayya a gida bai hana ta cin Turai ba, har ma yana ba ta damar hutar da ƴan wasa. Haka ne, ga Barça. Amma ni damuwata wasan ne gaba ɗaya. A Janairun 2013 Sifaniya ta ci Kofin Duniya a cikin birnin Barcelona, ta yi wa Denmark 35 da 19, kuma Valero Rivera ne kocin ƙasar. Ba a yi wata bakwai ba Atlético ta rushe. Julen Aguinagalde ya tafi Kielce, Joan Cañellas ya tafi Hamburg, zakarun duniya suka watse neman albashi a ƙasashen waje. Shi kansa Dujshebaev daga baya Kielce ya koma, kuma shi ne ke tsaye a bakin layi yana ba da umarni ranar da Barça ta sha da ƙyar a 2022.