Harshen Manx Bai Mutu Ba

Mutane da dama na ɗauka cewa koyon gaisuwa da harshen Manx, wato harshen mutanen tsibirin Man, ɓata lokaci ne, wai domin harshen ya mutu tun 1974, shekarar da Ned Maddrell, na ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da shi tun daga gida, ya rasu. Wannan fahimta kuskure ce. A tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, akwai makarantar firamare, Bunscoill Ghaelgagh, wadda tun 2001 take koyar da yara da Manx. UNESCO ma, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan ta ayyana harshen a matsayin matacce a 2009, ta janye maganar. Saboda haka wanda ya ce "Moghrey mie" da safe, ko "Gura mie ayd" don godiya, zai sami mai amsa masa.