Ina tace shirin rediyo ba ido, amma sai na faɗa wa mai POS lambar sirrina

Jama'a salamu alaikum, wannan maganar tana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Tambayar da aka fi turo min ta inbos ita ce wai Malam tunda ba ka gani wa yake rubuta maka? Ba kowa wallahi, ni nake rubutawa da hannuna kuma ni nake karanta sharhinku har da na masu baƙar magana. A kwamfutata akwai manhaja ana ce mata NVDA, aikinta ta karanto min duk abin da yake kan allo da murya, in na danna harafi ta faɗa, in na danna Tab ta gaya min inda na sauka, in na shiga shafin intanet na danna H sai ta dinga tsallakawa da ni daga wannan kanun zuwa wancan, B kuma ta kai ni maɓalli na gaba. Maus kam ban ma san inda nawa yake ba. Ku shafa kibod ɗinku yanzu, a kan F da J za ku ji ɗan tudu, toh nan yatsun nuni suke zama, daga nan kowane harafi hannu ya san gidansa. Saurin muryar da nake ji da ita kuwa in na cire iyafis na miƙa wa mai ido sai ya ce wannan wane yare ne, alhali turanci ne, kunne ne kawai ya saba.

Kuma abin da nake so ku riƙe, makafi ne suka yi wannan manhajar. Wani matashi ɗan Ostireliya Michael Curran ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh ya shigo suka ci gaba, dukkansu ba sa gani, suka ce kyauta ce har gobe, har a filashi kana iya zuba ta ka je kowace kwamfuta ka soka ta fara magana. Kafin ita JAWS ce take mulki, ita ma wanda ya ƙirƙiro ta, Ted Henter, ɗan tseren babur ne da ya rasa idonsa a hatsarin mota a 1978, ta Windows ta fito a 1995. Manhaja ce mai kyau ba ƙarya, amma cikakken lasisinta ya haura dala 1,000, mu nan wa yake da wannan? Sai dai ta gwaji wadda take aiki minti 40 ta yi shiru, dole ka kashe kwamfuta ka sake kunnawa, kana tsakiyar rubutu ka ji ɗif kamar an ɗauke wuta. Duk makahon da ya koyi kwamfuta a wancan zamanin ya san wannan wahalar.

Waya ma haka. Da can Nokia muke riƙewa mu sa mata manhajar karanta allo Talks, madanni ne a ƙarƙashin yatsa, lamba 5 da ɗan ƙullinta, hankali kwance. Da wayoyin shafa suka fara cika kasuwa gaskiya mun tsorata, muka ce shikenan an bar mu a tasha, gilashi sumul ba abin da hannu zai kama. Sai ga shi a 2009 Apple ta sa VoiceOver a iPhone 3GS, Android ma ta zo da TalkBack, ka ɗora yatsa a ko'ina ta gaya maka abin da ka taɓa, ka ja dama ta wuce na gaba, ka buga sau biyu ta buɗe. Wato gilashin nan da muka ji tsoro ashe yana iya magana in wanda ya ƙera shi ya ga dama. Wannan ita ce gaɓar maganata gaba ɗaya, ku riƙe ta za mu dawo kanta.

Sana'ata tace murya ce, tallan rediyo, karatun malamai da ake son a gyara a ɗora, shirye-shiryen da matasa suke yi yanzu na fodkas. Da manhajar tace sauti REAPER nake aiki, lasisinta na ƙananan masu sana'a dala 60 ne, sannan akwai wani ƙari da ake ɗora mata ana ce masa OSARA, shi ma James Teh ɗin nan ne ya fara shi, shi yake sa ta dinga gaya min a wane layin sauti nake, minti nawa sakan nawa, ƙarar ta kai ina. Mai ido yana kallon zanen sautin a allo ya ga inda tudu yake ya yanke. Ni kuwa kibiya nake dannawa ina tafe a cikin maganar kaɗan-kaɗan har in ji daidai inda malam ya ja numfashi ko ya yi gyaran murya, in danna S a farko in danna S a ƙarshe in goge tsakiyar, in koma baya in saurara ko ɗinkin ya fito. Kuma ba yabon kai ba, sau da yawa akwai ƙaramin ƙas da leɓe yake yi ko gurnanin janareto can ƙasa-ƙasa wanda mai kallon allo yake wucewa saboda a zane bai fito ba, ni kuwa ba ni da wani abin dogaro sai kunnen. Matsala ɗaya da sai da na yi dabara a kanta ita ce muryar manhajar kada ta shiga cikin aikin mutane, don haka ita na tura ta ƙaramin iyafis ta ramin kwamfuta, sautin aiki kuma yana fita ta na'urar sauti zuwa babban hedifon, kunne ɗaya na sauraron malam ɗaya na sauraron baturiya.

Wajen sayen kaya kuwa ni ba na tambayar wanne ya fi kyau, ina tambayar wanne ne yake da abin murɗawa. Miksa ta da, kowace ƙara da maɓallinta, ka shafa ka san wannan yana ƙarfe tara wancan yana ƙarfe sha biyu, ba ka buƙatar kowa. Na yanzu da yawa an kwashe komai an zuba a ɗan allo, maɓalli ɗaya yana aiki biyar, kuma ba ya tsayawa in ya kai ƙarshe sai ya yi ta juyawa, ka ga kenan ba yadda hannu zai san inda aka kwana. Rikoda ma haka, jan wuta ne yake nuna ana ɗauka, wani jan wutan yake nuna ƙara ta yi yawa murya ta fashe, ni ina zan gan su? Shi ya sa da kamfanin Zoom ya fito da rikodojinsa na H1essential da H4essential da H6essential a 2024 makafi masu harkar sauti suka yi ta murna a ko'ina, domin suna karanto jerin zaɓinsu da murya, sannan irin ɗaukar da suke yi ta 32-bit ba sai ka tsaya saita ƙarfin makirfo ba, ko mai magana ya daka tsawa daga baya kana iya sauke ta ba ta fashe ba. Abin dariya kuma, sifikar bulutut ɗin nan ta China ta dubu kaɗan da kowa yake kwaikwayon turancinta, ita tana gaya maka ta kunnu, ta haɗu, caji ya kusa ƙarewa, amma ka sayi fawa bank mai tsada sai 'yan fitilu huɗu, sai dai ka kira yaro ya ƙirga maka saura nawa.

Toh mu zo kan abin da ya sa ni rubutun. Mutumin da yake duk wannan aikin shi kaɗai a ɗaki, in ya fito bakin titi zai ciri kuɗi a POS sai ya koma yaro ƙarami. Na'urorin da can suna da madanni, 5 tana tsakiya da ƙullinta, in sa lambata in rufe da ɗaya hannun kamar kowa. Yanzu yawancin waɗanda ake rabawa gilashi ne zalla, ba sa magana, wasu ma lambobin canza wuri suke yi duk lokacin da aka zo sa lambar sirri wai don tsaro. Sai yaron shagon ya ce Baba faɗo lambar in sa maka, ga masu jiran layi a tsaye, ga mai shayi a gefe, ga katina a hannunsa, kuma ban ga adadin da ya rubuta ba sai alat ya shigo wayata ta karanto min. Ba ina cewa yaran ɓarayi ba ne, mafi yawansu mutanen kirki ne har hanya suke tsallakar da ni, amma banki da kansa yake turo saƙo kullum kada ka gaya wa kowa lambar sirrinka, sannan shi ɗin dai ya raba na'urar da ba zan iya amfani da ita ba sai na faɗa. In kuɗi suka ɓata wa za a ce ya yi sakaci? Kuma abin haushin, yawancin na'urorin nan Android ce a cikinsu, irin wadda take cikin wayar da take aljihuna tana min magana tun safe. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa da kati, mu mun sha wuya ninki biyu, don ko takardun ma daga ɗari zuwa dubu girmansu ɗaya ne, hannu ba ya rarrabewa.

Manhajar banki ita ma wata rana lafiya lau, a yi mata sabuntawa ka wayi gari duk inda ka taɓa sai ka ji maɓalli, maɓalli, maɓalli, ba suna, ba ka san wanne ne tura kuɗi wanne ne fita ba. Wanda ya rubuta ta ya sa hoton kibiya ya ga ya yi kyau ya wuce, rubuta wa maɓallin suna a bayan fage ba zai ci masa minti ɗaya ba. Sai kuma tantance fuska, wai ka sa fuskarka cikin da'ira ka kalli kyamara ka ƙifta ido, umarnin ma a rubuce yake fitowa ya ɓace ba murya. Akwai 'yan uwanmu da idon ma an cire shi gaba ɗaya, da me za su ƙifta?

Doka fa akwai. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman a 2020, aka ba gine-gine shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma mu a nan in an ce gyara, tunanin kowa yana tsayawa a kan gangaren siminti a ƙofar banki, wanda shi ma yana da amfani ga masu keke, ba wanda yake tuna cewa yanzu ƙofar banki ta gaskiya tana cikin waya. A Tarayyar Turai tun 28 ga Yunin 2025 dokarsu ta fara aiki a kan ATM da na'urorin biyan kuɗi da manhajojin banki da kasuwancin intanet. Ni a ganina Babban Banki ne ya kamata ya sa wannan cikin sharuɗɗan lasisi, duk na'urar da za a shigo da ita ko dai ta zo da madanni ko ta yi magana ta iyafis, in ba haka ba kar ta shigo, don roƙon kamfani ɗaya-ɗaya ba inda zai kai mu.

Sai wadda ta shafe ku kai tsaye, ku masu karanta wannan. Muryar da nake aiki da ita ta turanci ce, Hausa kuwa murɗe ta take yi, gobe ta ce gob, haruffa masu lanƙwasa wani lokaci ta haɗiye su, mun dai saba muna fahimta a haka. Ɓangaren sauraro an ci gaba, tun ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da za ka yi magana Gboard ya rubuta. Amma duk wannan a kan rubutu na gaske yake aiki. In ka ɗauki hoton sanarwar rasuwa ko katin ɗaurin aure ko jadawalin jarrabawa ka watsa a guruf ba ko kalma ɗaya a ƙasa, abin da nake ji kawai shi ne hoto. Eh akwai Seeing AI da Lookout da Be My Eyes wadda wani ɗan Denmak ya fito da ita a 2015, suna karanta hoto suna ma bayyana shi, amma data suke ci, kuma rubutun kwalliya da sunayenmu na Hausa sukan rikita su, a sanarwar jana'iza kuwa kuskuren lamba ɗaya ya isa ka je an riga an dawo daga maƙabarta. Masu rubuta sunansu da haruffan ado ɗin nan masu lanƙwashe-lanƙwashe, manhaja ko dai ta yi shiru ko ta dinga karanto su ɗaya-ɗaya da dogon sunan lissafi. Mai jera fuskar dariya guda goma sha biyar kuma, Allah ya shirye ka, wata manhajar sai ta karanto min su duka.

Iyayen yara makafi, don Allah in akwai tsohuwar laftof a gida kar a ce ai ba ya gani me zai yi da ita. NVDA kyauta ce, Windows ma tana da nata mai karatun a ciki, ka danne Ctrl da maɓallin Windows da Enter zai fara magana yanzun nan. Rubutun Braille da ake koyarwa a makarantu irin ta Gindiri da ta Tudun Maliki a Kano dole ne, shi yake koya wa yaro yadda ake harhaɗa kalma, amma a haɗa masa da kibod tun yana firamare, kar a bari sai ya zo rubuta JAMB.

Ku kuma masu gyaran waya na Farm Centre da sauran kasuwanni, in makaho ya kawo gyara kuka kashe TalkBack don ku ji daɗin aiki, ku mayar masa kafin ku miƙa, in ba haka ba ko kiran gida ba zai iya yi ba. Wanda kuma TalkBack ɗin wayarsa ta kunnu bisa kuskure ta fara surutu tana zana koren akwati har yana cewa aljanu ne, a yawancin wayoyi ka danne maɓallan ƙara da rage murya tare na sakan uku za ta yi shiru, ba sai an yi mata filashin ba.