Kuɗin cibiya ta biyu muke biya, ko sadaka muke yi?

Ƙarfe biyu da kwata na dare wayata ta fara ruri. Sabobinmu na Legas, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayananmu da aikinmu a intanet, sun mutu, wai matsalar wutar lantarki ce a cibiyar da kamfanin da muke haya a wurinsa ya ajiye su. Ban ma tashi da sauri ba, don shekara uku ke nan duk wata muna biyansu kuɗin cibiya ta biyu a Abuja, wadda suka rantse mana za ta karɓi aiki cikin mintuna idan ta farko ta faɗi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na shiga ta Abuja, sai na tarar bayanan cikinta na kwana goma sha ɗaya da suka wuce ne. Faifan ajiyarta ya cika, kwafin da ya kamata ya riƙa zuwa daga Legas ya tsaya cak, babu wanda ya sani. Allon sa ido da suke nuna mana kuwa kore shar, lafiya lau. Ashe abin da yake dubawa kawai na'urar tana kunne ko ba ta kunne. Haba jama'a!

Na kira lambar gaggawa. Wani yaro da barci a muryarsa ya ce, “Oga, ka buɗe tikiti.” Tikiti, wato in rubuta koke in jira layi, gida na cin wuta.

Da asuba muka juya aiki Abuja da hannu, nan ma wata sabuwa. Sun saita DNS ɗinmu, wato abin da ke nuna wa wayoyin mutane adireshin saba, ya riƙe tsohon adireshi na awa 24. Rabin abokan cinikinmu suna ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da babu kowa. Wajen azahar wuta ta dawo Legas, sabar can ta farka tana ganin har yanzu ita ce shugaba, ta Abuja ma haka. Sarki biyu a gari ɗaya, kowanne na rubuta nasa lissafin. Mako guda ni da akantanmu muna zaune da tarin rasit da jan biro muna tantance wanne ne gaskiya, shayi ya huce a gabanmu ba a sha ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, sau huɗu ina rubuta musu mu ware wani daren Lahadi mu kashe Legas da gangan mu ga ko Abuja za ta ɗauka. Kullum amsar ɗaya ce: akwai haɗari. To wanne ya fi haɗari yanzu?

Kuma ba a ce ba su ga izina ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na OVH, kamfanin da ke ba da hayar sabobi, a Strasbourg ta Faransa, wasu masu haya a wurinsa suka gano kwafin ajiyarsu ma a harabar yake, ya tafi tare da na asali. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, mu ma nan muka ji a jikinmu, har tura kuɗi ta banki ya gagara.

Jiya suka aiko da takardar kuɗin wannan wata, da layin cibiya ta biyu a ciki, ko kwabo ba su rage ba. Na mayar musu da ita, na ce su fara sa ranar gwajin a rubuce, kuma ni zan zare wayar sabar Legas da hannuna.