Yadda Dvorak ya kunyata ni a taron dangi

Wani abokin aikina ne ya nuna mini tsarin jera haruffa na Dvorak a cikin saitin Gboard, manhajar allon rubutu ta waya, ya ce wani Ba'amurke, August Dvorak, ya yi masa rajista tun 1936 domin sauƙaƙa wa masu buga tafireta. Wasulan nan biyar, a, o, e, u, i, suna jere a layin tsakiya ta hagu, baƙaƙen da aka fi amfani da su kuma suna dama. Da na lura cewa yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, sai na ƙudurta cewa manyan yatsuna biyu za su riƙa karɓa-karɓa, in ninka saurina. Abokin bai gaya mini cewa don yatsu goma aka tsara abin ba, kuma ban da a da m babu harafin da ya zauna inda na san shi.

A makon da na koma wannan tsari aka kira taron dangi kan bikin ƙanwarmu, Kawu ya ce tunda ni ne ɗan boko in rubuta gudummawa a waya. Ya ce, "Rubuta, Baffanku buhun shinkafa biyu." Na sami b bayan lalube, na wuce sh da ƙyar, sai k ya ɓace mini ƙurmus. Na duba inda yake zaune shekara da shekaru na tarar da t. Kawu ya ambaci mutum na biyu da na uku, ni kuwa ina nan kan shinkafa, gumi yana tsattsafo mini, falo ya yi tsit ana kallon yatsana yana shawagi a kan gilashi. Inna ta tambaya cikin tausayi ko sabis ne babu.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mijin Yaya. Mutumin da yake rubutu da ɗan ali guda, tabarau a kan hanci, wanda saƙon barka da Juma'a yake ɗaukarsa har la'asar, shi ne ya gyara zama ya ce, "Ko a ba Auta takarda da biro?" Aka ba Auta, ya gama kafin in gano inda ƙ mai lanƙwasa ta koma. Har yau mijin Yaya bai kawo jarkar man gyaɗan da ya yi alkawari a wurin ba, kuma tana rubuce a takardar Auta.