Cikin jariri ya kumbura, hoto za a kai shi

Duk wanda ya ce wa uwar yarinyar nan mai kumburin ciki "saifa ce, a kira wanzami" yana da hannu a halin da take ciki yau. Na faɗa, kuma ba zan goge ba.

Wata huɗu fa! Wata huɗu ana yawo da 'yar shekara ɗaya tsakanin kemis da gidan mai magani a cikin garin Katsinan nan. Wannan ya ce tsutsar ciki, wancan ya ce haƙori take fiddawa. Ranar da na je dubiya na ga cikin ya yi tulu, fatar tana ƙyalli, ga tabon tsaga jere a gefen dama. Uwar ta kama hannuna ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin, ta ce "Yaya, taɓa ka ji." Abu na ji da tauri kamar ɗanyen mangwaro.

Sai da aka yi hoton ciki aka ga ƙari a hanta. Likitoci na kiran cutar hefatobilastoma, kansar hanta ce ta ƙananan yara, galibi 'yan ƙasa da shekara 3, kuma bakwaini sun fi shiga haɗarinta. Bayan hoto akwai gwajin jini na AFP, wani sinadari da kan ƙaru a jini idan akwai wannan kansar. Sabon jariri da ma nasa a sama yake, yana sauka cikin shekarar farko, don haka likitan yara ne zai fassara takardar, ba mai kemis ba.

Wani ya rubuto mini wai cutar ba ta da yawa. Eh, yaro ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara. To me ya hana a yi hoton a huta? Wani ya ce ai idonta bai yi shawara ba. Yawancin masu cutar ba sa yi. Masu cewa babu kuɗi, ku lissafa akuyar da aka sayar aka kai wa mai magani.

Abin da ke ci mini rai, cutar tana jin magani idan an gano ta da wuri. A ba da maganin kansa ƙarin ya motse, a yanke ɓangaren da ya kamu, hantar ta sake tofowa. Wallahi ku kai yara masu kumburin ciki hoto.

Ku kuma masu yaɗa hoton yarinyar tsirara da lambar asusu, wa ya ba ku izini? Uban ya ce ko sisi bai gani ba. Ku cire.